Shekarar da Yara Suka Kwashe Iyaka

Labarin zaman da kuka yi a Tahoua bayan sallar layya ya iso mini, ku ƴaƴana. An ce kun shirya ku jira sai na kwanta dama, sannan ku kai ƴaƴan wana Idi jastis, wato kotu, a kan gefen gonar Tudu da kuke cewa ubansu ya cinye mini. Ban yi fushi ba. Wanda ya tashi da rabin magana a kunne, da rabin zai yi aiki, kuma ni ne na riƙe ɗaya rabin. Ga shi zan rubuta tun idona yana ganin layin takarda.

Na dawo gida gaba ɗaya a farkon shekarun tasa'in, bayan na daɗe ina bin ƙasashe, ina leƙo gida wata biyu in koma kamar baƙo. A Abija na koyi kanikanci a gareji, na tsinci Faransanci da Julanci. A hanyar arewa na koyi Tamajak a bayan kamyo, babbar motar kaya, sannan Larabci a Aljeriya da Libiya, inda na yi ta gyaran injinan ban ruwa. Dukiya ban kawo ta kirki ba. Abin da na kawo ido ne da ya saba da gwada wannan wuri da wancan. A garejin Abija yaro yakan shekara biyu yana wanke kusoshi cikin man gazuwal, in ya taɓa inji ya sha ranƙwashi. A lakwal ɗin garinmu, makarantar boko, yara suna rera sunayen abubuwa da Faransanci, abubuwan da hannunsu bai taɓa riƙewa ba. Amma a wani gari mai dabino can cikin hamadar Aljeriya na ga wani tsoho mai raba wa gonaki ruwa, ƙananan yara sun tsugunna kewaye da shi, hannuwansu cikin magudana. Yana barinsu su toshe da laka, su buɗe, su yi kuskure ruwa ya tafi inda ba a aike shi ba, shi kuwa yana dariya yana tauna dabino. Na tsaya kallonsu har motarmu ta kusa tafiya ta bar ni. Shekaru bayan haka, in na rufe ido a bakin aiki, ƙananan hannuwan nan nake gani cikin ruwa, sai dai fuskokin sun zama na yaran garinmu.

A lokacin ana babban aikin gyaran ƙasa a wajejen Keita da Garhanga. Na je na gani: mata ɗaruruwa suna jera duwatsu a jikin tudu don su tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasa. Aiki mai kyau. Amma masu na'ura su ke nemo layin da za a bi, su kafa turaku su wuce, mata su ɗauki dutse. Na ce a raina, ɗaukar dutse kowa ya gada a ƙasarmu ta Adar. Nemo layin shi ne ilimin, kuma ba ya buƙatar na'ura. Doguwar tiyo mai gani-har-hanji da sanduna biyu sun isa. Tiyon na samo ta wurin abokina Yakubu, Kirista ne mai gyaran famfo a asibitin mishan, tare muka yi gareji a Abija. Da ya naɗe ta ya rataya mini a kafaɗa ya ce:

"Ɗauki. Amma in ka maida ɗiyan mutane mahaukata irinka, ban san ka ba."

Shekarar ce malaman lakwal suka yi wata da watanni suna yajin aiki, yara suna gararamba tsakanin karatun allo na safe da na marece. Na tara kamar goma sha biyar, ƴan shekara shida zuwa tara, maza da mata, a inuwar bedi da ke ƙofar gidanmu. Mun fara da gina ɗan tudu na laka, tsawon gwiwa. Ɗaya ya riƙe buta ya zama hadari, sauran su jera tsakuwa su ga ko za su tare ruwan. In jeri ya karkace, ruwa ya taru gefe guda ya fasa, sai a yi ta gardama wa ya yi laifi, ni kuwa ba na raba gardama, sai in ce a sake. Da muka koma kan tiyo, ruwan ciki ba ya ganuwa sosai, na shiga gida wurin uwarku Rakiya neman zoɓo.

"Malam, zoɓon ga na sha ne hwa, ba na wasa ba."

"Kwano guda za ki ara mini."

"Mutane na komowa daga Abija da rediyo da atamhwa, kai ka komo muna da hanjin roba. In ara maka, yaushe za ka maido?"

Ta ba ni duk da haka. Aka ɗaure bakin tiyo ɗaya a sanda, ɗaya bakin a ɗaya sandar, kowace sanda da zane a tsawo ɗaya. Yaro ya tsaya nan, yarinya ta ja tata sandar can, tana hawa tana sauka a jikin gangare har jan ruwa ya tsaya daidai kan zane a duka biyun. Wurin nan biyu tsayinsu ɗaya ke nan, sai a kafa turke a ci gaba. Har yau ban ga abin da ya kai wannan kyau ba: jan ruwa yana hawa yana sauka a hankali kamar ƙirjin mai barci, yara sun yi tsit sun ƙura masa ido, rana tana ratsa shi tana zuba ja a kumatunsu. Hadiza, ke kina shekara bakwai, ke kika tambaye ni:

"Baba, wa ya gaya ma ruwan wancan baki inda na wanga baki ya tsaya?"

Na ce ban sani ba, ki tambaye shi. Kika ɗora kunne a jikin tiyo kika daɗe kina saurare, kika ɗago kika ce magana suke yi ta ciki, amma ƙasa-ƙasa.

Da hannunsu ya faɗa, na kai su gonar Tudu don su yi na gaske kafin damina. Sai in bayyana muku yadda gonar take a da. Guda ɗaya ce ta mahaifinmu. Kafin ya rasu ya raba ta biyu, gabas tawa, yamma ta Yaya Idi, ya kafa manyan baƙaƙen duwatsu bakwai daga sama zuwa ƙasa, ya binne su sai kawunansu ke waje. A ɓangarena, kusa da iyaka, akwai ɗan kwari da babban gawo, nan ne hatsi ya fi yi, nan ne ke cika rumbunmu. Duk shekarun da nake yawo, Yaya ke noma ɓangarena tare da nasa, ya ɗaure dammuna ya kawo wa uwarku. Wannan ba ku taɓa sa shi cikin labarinku ba. Mutum ne mai kaifin baki. Ranar farko da ya same mu a gona ya tsaya ya dafa sandarsa ya ce:

"Ɗan Abija, mi kake koya ma ɗiyan mutane? Awon ruwa? Wanda Allah bai aiko ba tukuna, shi kake aunawa?"

"Hanyarsa muke gyarawa, Yaya."

"To ka gaishe shi in ya zo. Ka ce mai hanya na jiransa da tawagar birai."

Yara suka fashe da dariya, shi ma ya murmusa ya wuce.

Abu biyu na koya musu a makon nan, kuma su biyun suka jawo abin da ya faru. Na farko, yadda ake ɗaga dutse mai nauyi da doguwar sanda mai kauri: a cusa bakinta ƙarƙashin dutsen, a yi mata matashi da ƙaramin dutse, a danna ɗaya bakin. Na sa wadda ta fi kowa ƙanƙanta ta danna, dutsen da ƙato zai yi nishi kafin ya motsa shi ya ɗago kai kamar raƙumi zai tashi. Ta saki sandar ta gudu, ta dawo ta ce a bari ta sake. Na biyu, na ce musu ma'aikacin kirki ba ya barin rami a bayansa. Duk inda aka cire dutse a cike wurin a daddale. Sai aka aiko mini da rasuwar wani aminina a Bangi, tafiyar kwana biyu. Da zan tafi na ce da su:

"Turaku na nan. Duk dutsen da kunka gani cikin gonar ga, ku kwaso ku jera."

A ƙasashen da na zauna, iyaka siminti ce mai lamba, ko waya mai ƙaya. Na daɗe a can har idona ya manta cewa a Adar ba kowane dutse ne dutse ba. Manomin da bai taɓa fita gari ba ba zai faɗi maganar nan ba ko cikin barci.

Da na dawo, tun daga bakin gari yara suka tare ni suna ja mini riga. Jerin ya kammala, yana lanƙwasa a jikin tudu yadda ruwa ya nuna, ya ɗan tsallaka cikin ɓangaren Yaya, don layin ruwa bai san gado ba. A tsakiya, inda zaizaya ta fi ƙarfi, sun kwantar da manyan duwatsu bakwai. Su da kansu suka gane cewa nan ne ruwa zai fi bugu, ba wanda ya gaya musu. Suka ce Hadiza ce ta hango kawunansu cikin rairayi, ita ta ce a tona, ita ta raba masu danna sanda. Ramukan duk sun cike, iskar bazara ta share sauran. Duwatsun suna kwance a gefensu, jikinsu da ya shekara cikin ƙasa yana waje, ban gane su ba. Na yaba musu, na ɗaga ki sama, Hadiza, na ce ko masu na'ura sai haka. Sai washegari da hantsi, ina zaune ina kallon aikin, Yaya ya zo ya tsaya bayana. Bai ɗaga murya ba.

"Ina duwatsun Baba?"

Na duba inda ya kamata su kasance, na ga rairayi sumul tun daga sama har ƙasa.

Ku da kuka girma a birni ba lalle ku san nauyin wannan ba. A garinmu wanda ya cire iyaka, sunan yana binsa har jikoki. Ana cewa ƙasar da ya ci za a rataya masa a wuya ranar gobe. Ba a karɓar shaidarsa, ana tuna wa ƴaƴansa a bakin rijiya. Kuma al'ada ita ce, in shaidun rabo sun ƙare, kamar yadda namu duk sun rasu, wanda ya cire ba shi da baki. Ɗayan zai taka da ƙafarsa, inda ya bi nan ce iyaka. Yaya ya kai magana wurin hakimi, aka sa rana. Da la'asar ɗin jajibirin ranar na sami uwarku tana daka, ta yi magana ba ta daina ba:

"In ka ce yara ne, laihi ya rabu gida goma sha biyar. Dattawa za su yi sulhu, a ja igiya a raba daidai. In ka ɗauka kai ɗaya, Yaya zai taka."

"Na sani."

"Ka san inda zai taka kuwa. Kwarin gawon nan shi ka ciyar da mu."

"In na ce yara, za a ce wane yaro. In ce wa?"

Taɓarya ta tsaya a sama. Ta dubi ƙofar ɗaki inda Hadiza take wasa da ƴar tsana, ta dube ni.

"Ni ban ce ka ce kowa ba," in ji ta, ta ci gaba da daka, da ƙarfin da ya fi na da.

A ƙofar hakimi iyayen yaran duk sun zo, kowa ya sunkuyar da kai, kowa yana tsoron a kira sunan nasa. Na san in aka kira suna ɗaya, a ranar za a yi ta dukan yara gida-gida, kuma ba wanda zai sake barin ɗansa ya taɓa sanda ko tiyo, ba a wurina kaɗai ba. Hakimi tsoho ne mai wayo, ya san komai. Ya ce:

"Kai kana Bangi sa'ad da anka cire. Wa ya cire?"

"Ranka shi daɗe, ni na koya dabarar, ni na ce a kwaso. Ba ni da sunan da zan ba ka sai nawa."

"Ka san abin da ka biyo baya?"

"Na sani. Roƙona ɗaya, kada a sa Yaya rantsuwa. Ya taka kawai, na yarda."

Mutane suka ɗauka girmamawa ce. Gaskiyar ita ce na san wana, ban so ya dafa Littafi sannan ya taka.

Da safe aka fita gona. Yaya ya tuɓe takalmi ya fara daga sama, wani yana binsa da hauya yana jan layi. Da farko ya bi daidai inda nake tunawa. Na tuna ranar kamar mafarki: zafi ya sa ƙasa tana rawa, farar rigarsa tana shiga tana fita cikin kawalwalniya, har na ga kamar mahaifinmu ne ke tafiya. Da ya kusa kwari sai ƙafarsa ta fara karkata gabas, a hankali, kamar ba da saninsa ba. Ya tsallake jerin yara, ya zagaya gawo ya bar shi a hannunsa na yamma, ya sauka har ƙasa. Hakimi ya dube ni, na ce na gani, na karɓa. Da kowa ya watse na auna da ƙafata daga inda nake zaton dutse na huɗu yake zuwa sabon layi, na sami taku goma sha ɗaya.

Ba zan ɓoye muku abin da ya ci mana ba, kun ɗanɗana. Rumbunmu bai sake kai mu sabon hatsi ba sai a shekara mai albarka sosai. Uwarku ta yi ta haɗa tuwo da ganye, ba ta taɓa yi mini gori a gabanku ba, a bayanku kuwa ta yi, kuma tana da gaskiya. Manyanku maza kun fara cin rani tun gemu bai fito ba. Ni da Yaya muka shekara da yawa ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa a masallaci. Gari kuma ya haɗiye maganar yara, tunda kowane uba yana da abin ɓoyewa, har ku kuka tashi kuna jin cewa ubanku ya tone iyaka da hannunsa don haukan boko, wanku kuma ya cuce shi.

Amma kwana biyu bayan takun, na fito na sami yara tara a gindin bedi, sun riga sun cika tiyo. Da aka buɗe lakwal, malamin makarantar ya ce in riƙa zuwa da ita ranar Laraba, yara suka auna filin makaranta suka gano dalilin da ya sa ruwa ke shiga aji. Ruwan farko na shekarar da rana ya sauka, muka ruga gona cikinsa. Da ya ɗauke, ga ruwa kwance bayan jerin duwatsu, shimfiɗe daga ɓangarena har na Yaya, bai karkata ko'ina ba, gizagizai suna tafiya a cikinsa. Yara suka jeru a baki. Wani ya sa yatsa ya taɓa, kamar yana tsoron ya tashe shi. Cikin yaran nan akwai wanda ya zama magini, akwai mai haƙar rijiya a wajen Karofane, akwai waɗanda ban san abin da ya amfane su ba, ban kuma tambaya ba.

Shekarar da Yaya zai rasu idonsa ya riga ya tafi. Wata safiya ya aiko a ce in zo in kai shi gona. Na ɗora shi a amalanken jaki, muka je muka zauna a inuwar gawo. Ya lalubi jerin duwatsun, wanda bai taɓa cire ko ɗaya daga ciki ba, ya daɗe yana shafa wani babba.

"Ɗan Abija, ka ƙirga ranar nan?"

"Na ƙirga, Yaya."

"Nawa ka samu?"

"Goma sha ɗaya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Sha ukku ne. Duk yawon duniyar ga da harsuna biyar, ko ƙirga ba ka iya ba. Damina goma sha ukku na noma maka bayan Baba, kana can kana shan iskar teku. Ka komo, ka gaida kowa, ka tara ɗiyan mutane kana koya musu ruwa. Ni ko sannu da aiki ba ka ce mini ba."

Na bi shekarun a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, ina neman ranar da na gode masa. Babu ita.

"Sannu da aiki, Yaya," na ce.

"Ka makara," in ji shi. "Kuma ba ni maidowa, yara sun saba da wurin. Ban ce ka yahe mini ba hwa."

"Ban ce na yahe ba. Na ce ka yi mini rahusa."

Ya lalubo hannuna ya riƙe, muka zauna haka har inuwa ta gudu ta bar mu, jaki ya gaji ya fara ja da kansa.

Hadiza, an ce ke kika fi kowa zafi a zaman Tahoua, ke kika nemo lauya. Ban yi mamaki ba, tun kina ƙarama in kika hango kan dutse sai kin tono shi. Ba ki yi laifi ba a lokacin, aiki mai kyau kika yi, kuma da za a sake sai in sake ɗaga ki sama. Amma kwarin gawo na ƴaƴan Yaya ne, na ba da shi da bakina a gaban hakimi, na kuma gane daga baya cewa ba kyauta na yi ba. In kun ƙi ji kun tafi jastis, za ku tarar da ni a can ina ba su shaida, don takardar nan biyu na rubuta ta da hannuna, ɗayar tana wurin babban ɗan Yaya tun ranar Juma'a.